Littafi Yana Kanta, Kwamfuta Ta Ce Babu

Duk ɗalibin Hausa da ya kai aji huɗu ya san babin nan mai hana barci, wato babin bitar ayyukan da suka gabata. Kafin malami ya amince da batun kundinka, sai ka nuna masa su wa suka riga ka shiga wannan fage, me suka faɗa, ina suka tsaya, sannan ka kawo hujjar ci gaba da bincike. A baki abin ba wuya. Amma ɗalibin da ke karatu a Abuja da ƙafar hagu yake shiga wannan babi, domin manyan rumbunan rubuce-rubucen Hausa ba a nan suke ba. Suna Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Bayero a Kano, da Arewa House a Kaduna, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Daga nan zuwa Zariya tafiyar fiye da kilomita 250 ce, zuwa Kano kuwa fiye da 400. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga fargabar hanya. Saboda haka kafin ɗalibi ya saɓa jaka ya nufi tasha, yana bukatar ya tabbatar cewa littafin da zai je dominsa yana can. Aikin katalogi ke nan, wato jerin sunayen abin da laburare ya mallaka, wanda a yau ake duba shi ta kwamfuta ko ta wayar hannu.

Abin da nake son in jawo hankalin 'yan uwana ɗalibai a kai shi ne, wannan katalogi sau da yawa yakan ce mana babu, alhali kuwa akwai. Ba don mugunta ba, sai don ba a yi shi da Hausa a zuciya ba. A nawa ra'ayin, maimakon mu ci gaba da gunaguni, ya kamata mu gina wata 'yar ƙaramar manhajar bincike wadda za ta tsaya tsakaninmu da waɗannan katalogi, ta zama tafinta. Kuma ina da'awar cewa rabin wannan aiki, rabin da ya fi wuya ma, na ɗalibin Hausa ne, ba na ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A da, kowane littafi yana da katinsa a cikin ɗurowar katako, mutum ya bi da yatsa har ya iso inda yake nema. Idon mutum yana da afuwa. In ya ga an rubuta suna da ɗan bambanci, zai gane. A shekarun 1960 ne wata ma'aikaciyar Laburaren Majalisar Amurka mai suna Henriette Avram ta jagoranci tsara hanyar mayar da katin nan abin da kwamfuta za ta iya karantawa, aka kira tsarin MARC. A wannan tsari kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba: gurbi na 100 na sunan marubuci ne, na 245 na sunan littafi, na 260 ko 264 na maɗaba'a da shekara. Har yau a kan wannan tsari mafi yawan laburarorin duniya suke tafiya, har da namu. Da yawa daga jami'o'in Nijeriya suna amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna Koha, wadda aka fara a ƙasar New Zealand a 1999, ita ma kuma da MARC take ajiye bayananta. To, idan ka rubuta kalma a akwatin bincike, kwamfuta ba ma'ana take dubawa ba. Haruffan da ka buga take gwadawa da haruffan da aka ajiye. In sun zo ɗaya ta kawo, in sun saɓa ta yi shiru.

Nan ne matsalar ta taso. Ɗauki littafin Bature Gagare, Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya fito a 1982. Sunan yana da ƙ guda biyu. Ta hanya nawa za a iya samunsa a rubuce cikin katalogi? Wani ma'aikacin ya sa ƙugiyar yadda take. Wani bai same ta a allon bugunsa ba, ya sa k kawai ya wuce. Wani ya sa k ya bi ta da alamar hamza. A laburarorin Amurka kuma, da yake tsohon jerin haruffan MARC ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, ƙa'idar da suka daɗe suna bi ita ce a rubuta harafin da ya fi kusa, a ja masa layi biyu a ƙarƙashi. Idan aka koma baya kuma, su kansu littattafan ba su yi ittifaƙi ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, amma ƙugiyar da muka sani ba ta zauna ba sai a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. Kafin nan wasu ɗigo suke sa wa harafin a ƙasa, wasu kuma alama a gefe. Mai rubuta katalogi an koya masa ya kwafi abin da ya gani a bangon littafi, don haka duk wannan tarihi na rubutunmu yana nan kwance cikin katalogi, kowane zamani da irin tasa ƙ.

Na ga haka da idona a wani laburare da nake zuwa a nan birnin. Na buga sunan Ganɗoki na Bello Kagara da ɗ ɗinsa daidai yadda aka koya mana, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Na je wurin ma'aikaciyar, wata dattijuwa, na ce, "Ranki ya daɗe, an ce babu." Ta leƙa allon ta ce, "Ɗana, cire wannan ƙugiyar ka sake." Da na cire, sai ga littafi har da lambar kantarsa. Wato wanda ya kiyaye ƙa'idojin rubutu shi aka hana, wanda ya yi sakaci shi aka ba. Ita ta san dabarar saboda daɗewa a aiki. Wanda ke dubawa daga ɗakinsa a Zuba ko Nyanya da tsakar dare ba shi da dattijuwar da zai tambaya.

Akwai wani ɓangaren da ya fi wannan ciwo, domin ya shafi kundayen da ɗalibai irinmu suka rubuta. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga jami'o'i ba tare da haruffanmu ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda daga baya ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke Jabi a nan Abuja daga 2016 zuwa 2021, ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ƙugiya da za a iya bugawa da su. Wannan aiki ya ceci rubutun Hausa a lokacinsa, babu mai musu. Sai dai dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron maɓalli: a ɗauki harafin da Hausa ba ta amfani da shi, a sauya masa kama. Wasu zubin sun ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Wasu kuma sun ɗora su a kan alamomin } da ] da ~. A takarda ido yana ganin ƙasa da ɗaya da ɓarawo, amma abin da kwamfuta ta ajiye a cikinta shi ne qasa da xaya da varawo. Yanzu jami'o'i suna ɗora kundaye a ma'ajiyarsu ta intanet, kamar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda ke tafiya a kan manhajar DSpace. Duk kundin da aka buga da tsohon zubi, in an kwafo sunansa ko tsakurensa yadda yake, to wanda ya nemi waƙa ba zai same shi ba sai ya san ya nemi waqa. Mu da muka saba da bugun aikin aji mun san wannan. Amma wa ya taɓa zama ya gaya wa katalogi?

Mai karatu zai ce, ai yanzu akwai Yunikod, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa tun daga 1991, kuma haruffanmu suna ciki. Gaskiya ne. Ƙaramar ƙ lambarta 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253. Amma akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Harafin Faransanci mai alama a ka, kamar é, Yunikod ya yarda a raba shi biyu, harafi daban alama daban. Saboda haka manhajar bincike tana iya share alamar ta bar e, kowa ya sami abin da yake nema ko ya sa alama ko bai sa ba. Ita kuwa ƙ ba ta rabuwa. A wurin Yunikod harafi ce mai cin gashin kanta, tsakaninta da k mai lamba 006B babu dangantaka, kamar yadda babu tsakanin m da z. Ta fuskar ilimin tsarin sauti wannan daidai ne, har ma abin yabo ne, domin sautuka ne biyu mabambanta. Ta fuskar bincike kuwa, ma'anarsa ita ce dabarar da ke warware wa Bafaranshe matsala ba ta taɓa tamu. Sai an zauna an rubuta wa manhajar jadawali na musamman cewa ƙ 'yar uwar k ce. Wasu manhajojin suna da wannan jadawali, wasu ba su da shi, wasu suna da shi ba a kunna ba. Ɗalibi kuma ba shi da hanyar sanin wanne yake gabansa.

Hamza ma ba ta tsira ba. Alamar da muke sawa a Sa'adu ko 'ya'ya tana da kamanni aƙalla huɗu a kwamfuta, miƙaƙƙiya da mai karkata dama da mai karkata hagu da wadda Yunikod ya keɓe a matsayin harafi, kuma ido ba ya cika bambanta su. Wasu manhajojin ma ɗaukarta suke yi alamar raba kalma, sai Sa'adu Zungur ya koma Sa daban, adu daban. Ga kuma bambancin da ke tsakaninmu da Nijar, inda suke rubuta ƴ a wurin da muke rubuta 'y, don haka littafin da aka buga a Yamai da wanda aka buga a Zariya ba za su haɗu a bincike ɗaya ba. Sunayen marubuta kuwa sai wanda ya gani. Aƙilu ko Akilu. Mu'azu Haɗeja ko Hadeja ko Hadejia. Shehu Usmanu kansa, wani wuri ɗan Fodiyo, wani wuri Danfodio a haɗe, wani wuri ibn Fudi. Littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, a bango kuykuyo aka rubuta, amma ɗalibin da ya ji sunan a baki kwikwiyo zai buga, kuma ba wanda zai ce bai iya Hausa ba.

A nan zan faɗi abin da ya shafe ni kai tsaye. Ni Gbagyi ne, Hausa harshena na biyu ne, a kasuwa da makaranta na tsince ta kafin in zo in karance ta. Irina suna da yawa ƙwarai a Abuja da Neja da Nasarawa da Filato da kudancin Kaduna, kuma masana sun daɗe da lura cewa a Hausar waɗannan wurare ƙ da k sukan haɗe su zama sauti ɗaya. Mutumin da ya tashi da irin wannan Hausa, in ya ji sunan littafi a rediyo, ba shi da yadda zai san inda ƙugiya take. Katalogin da ya dage sai an sa ƙugiya ya rufe masa ƙofa, kamar yadda wanda ya yi watsi da ƙugiya ya rufe wa Bakano mai kiyaye ƙa'ida. Harshen da ke tinƙaho da cewa miliyoyin waɗanda ba a haife su cikinsa ba suna magana da shi, bai kamata laburarensa ya yi wa baƙo jarrabawar shifta a bakin ƙofa ba.

Sannan ga ƙirar kalma, wadda ita ce ta tabbatar mini cewa aikin namu ne. Manhajojin bincike na Ingilishi sun san su datse wutsiyar kalma su bar saiwa, don tilo da jam'i su zo tare. Gwada wannan a Hausa ka gani. Waƙa, waƙar, waƙoƙi, waƙoƙin, waƙe-waƙe, mawaƙi, mawaƙa. Littafi da littattafai. Tatsuniya da tatsuniyoyi. Akwai ɗafa-ƙeya, akwai ɗafa-goshi, akwai ninki, akwai jam'in da ke kutsawa cikin kalma. Wanda ke neman nazari a kan waƙar noma yana son kundin da sunansa ya fara da waƙoƙin noma, da wanda ya yi magana a kan mawaƙan noma, amma kwamfuta ba ta ga abin da ya haɗa su ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ko da Bahaushe ne ɗan asali, ba lalle ya iya zayyana azuzuwan jam'in Hausa ba. Mu kuwa a kan haka muka ci jarrabawa a aji biyu.

To, me wannan 'yar manhaja za ta yi? Ba sabon laburare za mu gina ba, kuma ba za mu taɓa katalogin kowa ba. Katalogi da yawa suna da wata ƙofa ta baya da aka yi domin kwamfuta ta yi magana da kwamfuta. Tsohuwar hanyar sunanta Z39.50, tun 1988 take, akwai kuma ƙanwarta mai sauƙi da ake kira SRU, inda ake cusa tambayar cikin adireshin intanet, amsa ta dawo a tsarin MARC. Koha tana iya buɗe duka biyun in masu laburaren sun so. Laburaren Majalisar Amurka nasa a buɗe yake ga kowa. Ma'ajiyoyin kundaye irin na DSpace kuma suna da tasu hanyar, OAI-PMH, wadda ke ba ka damar kwaso jerin sunayen abin da ke ciki gaba ɗaya ka adana. Aikin manhajarmu shi ne ta karɓi abin da ɗalibi ya buga, ta juya shi zuwa kowane salon rubutu da muka lissafa, mai ƙugiya da marar ƙugiya da mai q da x da v da sauransu, ta aika wa kowane katalogi, ta jira amsa. Ba sai ta gwada kowane haɗi ba, domin wanda ya sa q a farkon suna q zai sa a ƙarshensa, saboda haka tambaya biyar ko shida sun wadatar. In amsoshi sun dawo, sai ta ciro gurbi na 100 da na 245 da shekara da wurin da littafin yake, ta sauke duk sunayen zuwa baƙaƙe marasa ƙugiya a ɓoye don ta gane waɗanda suke abu ɗaya, ta haɗe su, ta nuna wa ɗalibi layi guda: ga littafin, yana wuri kaza da wuri kaza. Shafi ɗaya mai akwati ɗaya, ba hoto ba ado, wanda zai buɗe a ƙaramar waya ko data ta kusa ƙarewa.

Sauke ƙugiya abu ne mai sauƙi, layi kaɗan ne na umarni. Mayar da ita shi ne aiki. In mutum ya buga kasa, me yake nufi, kasa ta maciji ko kasa kaya a kasuwa ko ƙasa ta haihuwa? In ya buga baki, na magana ne ko baƙi? Manhajar tana bukatar jerin kalmomi da zai gaya mata waɗanne k ne za su iya zama ƙ. Nan ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da ƙamusun Bargery na 1934 za su yi amfani a matsayin madogara. Ba kwashe su za mu yi ba, domin suna da masu haƙƙi. Jerinmu za mu tsara da hannu, mu fara da kalmomin da suka fi yawo a sunayen littattafai da kundaye, waɗanda ba su da yawa kamar yadda ake zato: nazari, tarihi, waƙa, jigo, salo, al'ada, ƙasa, ɗabi'a, ƙagaggen labari, karin magana da danginsu. Kowace kalma a rubuta mata jam'inta da siffofinta. Haka ma jerin marubuta, kowane da duk yadda aka taɓa rubuta sunansa.

Na san akwai malamai da 'yan uwa da wannan magana ba za ta yi musu daɗi ba. Za su ce mun shekara muna faɗa da masu watsi da ƙugiya a jaridu da allunan talla, yanzu kuma za mu ƙera abin da zai ce kafa da ƙafa duk ɗaya ne. Ƙorafin yana da tushe, kuma ba na raina shi. Amsata ita ce a bambanta wurin nema da wurin nunawa. A wurin nema a sassauta, a wurin nunawa a tsaurara. Wanda ya buga Gandoki a kawo masa littafin, amma abin da zai gani a allo Ganɗoki ne da ƙugiyarsa, kuma abin da ya yi daidai da bugunsa harafi da harafi shi za a sa a sama. Ina ganin wannan ya fi koyar da ƙa'ida a kan shirun da katalogi ke yi masa yanzu, wanda ba ya koya masa komai sai cewa Hausa ba ta da littattafai.

Wani abin da zai ba mu wahala shi ne gurbin harshe. A tsarin MARC kowane harshe yana da alamarsa ta haruffa uku, ta Hausa ita ce hau. Da an cika wannan gurbi daidai a ko'ina, da tambaya ɗaya ta isa ta fito da duk littafin Hausa da laburare ya mallaka. Amma a Koha, in ba a sauya saitin ba, gurbin yakan cika kansa da eng, wato Ingilishi, kuma ma'aikacin da ke da tulin littattafai a gabansa ba lalle ya tsaya gyarawa ba. Don haka manhajarmu kada ta dogara da wannan gurbi kaɗai. Ta haɗa da lambar kanta: a tsarin Laburaren Majalisar Amurka, harshe da adabin Hausa suna tsakanin PL8231 da PL8234, a tsarin Dewey kuma harshen yana 493.72, adabin yana 893.72. Ajami kam ban sa shi cikin zubin farko ba. Rubuce-rubucensa da yawa an jera su ne a cikin na Larabci, kuma warware wannan aikin wani kundin ne mai zaman kansa.

Wasu kuma za su ce wahalar me, ga Google, ga manhajojin hira irin su ChatGPT da suka bazu tun ƙarshen 2022. Google shafukan intanet yake bi, abin da ke cikin katalogin laburare kuwa sau da yawa ba ya isa gare shi. Su kuma manhajojin hira, sananne ne cewa sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara su miƙa maka da cikakkiyar natsuwa. Ɗalibin da ya ɗauki irin wannan suna ya hau mota zuwa Sakkwato nemansa, ya yi asarar kuɗi, wanda ya zuba shi a manazarta ba tare da ya gani ba kuma ya yi asarar abin da ya fi kuɗi. Katalogi, duk da gazawarsa, in ya ce akwai to wani ya taɓa riƙe littafin a hannu.

Amma kada in yi wa kowa romon baka. Manhajar bincike ba ta samo abin da ba a taɓa rubutawa a katalogi ba, kuma a nan ne ramin ya fi zurfi. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. Littattafan da suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, mafi yawansu marubutan ne suka buga da kuɗinsu, da yawa ba lambar ISBN, wasu ko shekara babu, kuma ba ta wannan ƙofa suka bi ba. Ɗaya daga cikin jerin da aka fi dogara da shi a kansu shi ne wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, wanda ya tattara na 1987 zuwa 2002, kuma a Jamus aka buga shi, tarin littattafan kuwa a SOAS da ke Landan aka yi aikinsa. Dubban takardun malamin nan ɗan kasuwa na Kano, Umaru Falke, wanda ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Ba na zargin waɗanda suka adana, gara da suka adana. Abin da nake cewa shi ne, manhajarmu za ta riƙa dawo mana da amsa daga Landan da Amurka fiye da yadda za ta dawo da ita daga Abuja, kuma wannan kaɗai ya isa abin tunani. A tsakiyar birnin nan, tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa, ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa da aka ba da kwangilarsa a 2006 ya kai 2025 ba a gama ba, har a watan Satumba na shekarar uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta nemi a tara gudummawa don kammala shi. Su kuma labaran da marubutan yau ke sakewa ta WhatsApp da Wattpad, ba su da ko bangon da za a kwafa. Da dandalin OkadaBooks ya rufe a watan Nuwamba 2023, marubutan Hausa da ke sayar da littattafansu a can sai da kowa ya nemi wata mafaka.

Saboda haka shawarata ga sashenmu kashi biyu ce a haɗe. A yarda ɗalibi ya ɗauki wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri, a haɗa shi da ɗan uwansa na kimiyyar kwamfuta, kowa da malamin da ke duba shi. Na Hausa ya tsara jadawalin haruffa da na jam'i da na sunaye, ya kare su da hujjojin ilimin harshe, wanda a ganina ya fi sake nazarin jigo da salo a littafin da an riga an yi wa haka sau da dama, galibi don ba wanda ya san an yi. Na kwamfuta ya rubuta umarnin da zai aika tambaya ya karɓo amsa. Kafin a ƙwanƙwasa ƙofar bayan kowane laburare kuma, shugaban sashe ya rubuta wa shugaban laburaren takarda a nemi izini, a kuma tsara manhajar ta riƙa tambaya a hankali, kada ta danne musu na'ura. Ma'aikatan laburare abokan aiki ne a nan, su suka san inda aka binne kowace irin ƙ.

Kashi na biyu ba ya bukatar izinin kowa a waje. Kundayen da ɗaliban sashen nan suka rubuta tun kafuwarsa suna jibge a kabad ɗin ofis. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta raba su, kowane ɗan aji uku ya ɗauki 10, ya rubuta sunan kundi da na marubuci da shekara da fanni a jadawali ɗaya, da haruffan Yunikod, ya sa hau a gurbin harshe. Wannan jadawali shi zai zama katalogi na farko da manhajar za ta tambaya, kuma shi za mu ɗauka mu kai wa takwarorinmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina mu ce su ba mu nasu.